Shuwakar Bayan Ɗakin Inna

Na ji abin da kika faɗa ranar sadakar ukun Kawunku Inuwa, Rabi. Kin ɗauka gyangyaɗi nake yi a jikin bango, kika karkata wajen ƙanwarki kika ce Allah dai ya jiƙansa, amma mutumin da ya cinye gadon 'yar'uwarsa ya mai da ɗakinta masai, sai addu'a. Kunnena ƙalau yake, gwiwa ce ta mutu. Ban tanka ba saboda gidan cike yake da 'yan gaisuwa, amma wallahi da mu kaɗai ne da kin sha mari, da 'ya'yanki da komai. Na sha gaya muku, ke da yayanki Nasiru da ƙannenku, cewa Kawunku bai ci mini ko allura ba. Sai ku kalli juna ku ce Mama akwai kara. To, ba kara ba ce. Zan faɗa muku yadda aka yi da ɗakin nan, amma sai na fara da shuwakar da kuka taso kuna yi mini dariya a kanta.

Kun san inda take, a kusurwar bayan ɗakin Inna, a gidan Baba da ke lungunmu na bayan Shahuci. Abin da ba ku sani ba shi ne Nasiru ba shi ne ɗana na fari ba. Shi ya sa nake kiran sunansa gatsal a gaban kowa, mata suna cewa Kulu ba ta da kunyar ɗan fari. Akwai wadda ta riga shi. Cikina na farko, da ya tsufa, aka mai da ni gida goyon ciki kamar yadda ake yi wa kowace, na haihu a ɗakin Inna tsakiyar damina. Mace ce. Ta yi kuka, ta kama nono, Baba ya yi mata huɗuba da sunan Inna. Ba ta kai ranar suna ba. Ni a lokacin zazzaɓi ya rufe ni, ban san wanda ke kaina ba, kuma ruwa ake yi ba ƙaƙƙautawa har lungu ya zama rafi. A zamanin, jariri irin wannan ba lallai a kai shi maƙabarta ba. Aka yi mata wanka da salla a cikin gida, aka sa ta a bayan ɗaki. Da na farfaɗo na lalubi gefena na ji zani kawai, Inna ta ce mini kalma biyu: "Ta koma." Ban yi kuka ba, don ba a yi. Yarinya ta yi kukan 'yar fari a gaban uwarta? Ai da an ce ta haukace. Sai na juya wa bango fuska.

Ranar da na fara iya fita wankan jego da ƙafata, na ga an soka wani reshe a kusurwar, a karkace, tsawon kamu ɗaya, ba ganye ko guda. An kewaye shi da ƙaya. Inna tana tsaye da tulu, ba ta dube ni ba ta ce:

"Shuwaka ce. Tana son ruwa kafin ta kama. Kada ki bari awaki su same ta."

Ban da waɗancan kalmomi biyu, iyakar maganar da muka taɓa yi ke nan ni da ita a kan wannan yarinya, har ta bar duniya. Kuma na gane.

Daga ranar shuwaka ta zama tawa. Da na koma ɗakina, lungu biyu ne tsakaninmu da gidan Baba, kullum sai na samo dalilin zuwa. Shuwaka ba ta da wahala ga wanda bai damu da ita ba, amma ni na koyi halinta kamar na mutum. Ba ta son ruwan sabulu, ganyenta rawaya yake yi ya zube, don haka na hana matan gida watsa ruwan wanki a wajen, muka yi ta faɗa a kai. Ruwan alwala take so, da na wankin gero. Gara tana bin gindinta da rani, sai in zuba toka in tona in sake zubawa. Kashin awaki busasshe nake marmasa mata kafin ruwan farko. In ta yi tsawo ta fara zama kara ba ganye, a datse ta daidai ƙugu, kafin ka ankara ta fito da toho ta ko'ina, ganye faffaɗa kore shar. Duk mai jego a unguwar nan daga ita ake tsigar mata na miya, a cuɗa a wanke har kumfar ɗacin ta fita, ban taɓa hana kowa ba. Abu ɗaya na hana. Mutane ba sa barin shuwaka ta yi fure, don in ta yi, ganyen ƙanƙancewa yake yi. Ni kuwa kowace shekara in ruwa ya ɗauke sai in ware reshen da ke can ciki jikin katanga in ce wannan ba a taɓa shi. Ya fitar da furanni ƙanana farare, curi-curi, da wani ƙamshi mara ƙarfi da yamma, ƙudan zuma su yi ta kai da kawowa. Daga baya su bushe su zama kamar audugar rimi, iska ta kwashe. Asabe, matar Kawunku, takan ce ba ta taɓa ganin mai kiwon furen shuwaka ba sai ƙanwar mijinta.

Baba ya rasu, Inna ta bi shi ba da jimawa ba. Ba a sayar da gida ba, ɗaki-ɗaki aka raba, ni na sami na Inna. Ban zauna a ciki ba tunda ina gidan babanku, na dai sa kwaɗo, ina zuwa in share. Yaya Inuwa shi ne babba, shi ke riƙe da gida, da iyalinsa da na ƙannenmu maza, mutum a kan mutum.

Shekarar da nake so ku sani, ke Rabi kina goye. An yi damina mai nauyi, katangun ƙasa suna ta faɗuwa a cikin gari. Wata safiya salgar gidan Baba ta rufta. Tsohuwar salga ce tun ta kakanni, bakinta ya zurma har da rabin katangar bayin, Allah ya tsare ba kowa a ciki. Magina suka duba suka ce wajen ya ruɓe, ba ya gyaruwa, sai a cike shi a haƙa sabuwa. A ina? Tsakar gida akwai rijiya, ba a haƙa salga kusa da ruwan sha. Gaba zaure ne, gefe da gefe ɗakuna ne manne da katangar maƙwabta. Wuri ɗaya ya rage mai nisa da rijiyar, kusurwar bayan ɗakin Inna. Yaya ya aika aka kira ni. Na same shi a zaure yana ɗinkin takalmi, sana'arsa ke nan, bai ɗago ba.

"Kulu, kin ga abin da ya same mu. Masu haƙa za su zo. Ki tsige ganyenki, ki yanki reshen da kike so ki dasa a gidanki."

"Ba za a taɓa shuwakar nan ba, Yaya."

"To a ina za a yi?"

"Ban sani ba. Amma ba a nan ba."

Ya ɗago ya dube ni, ya daɗe yana dubana, sannan ya ce in je in yi tunani. Kusurwar tana cikin rabona, ba zai shiga da ƙarfi ba.

Ku da yanzu kuke da banɗaki a cikin ɗaki ba za ku san abin da na jawo wa gidan nan ba. Maza suna tafiya bayin masallaci. Mata fa? Matan aure, da masu ciki, da 'yan mata, kowacce ta yafa mayafi ta ɗauki buta ta shiga maƙwabta tana sallama, a san abin da ya kawo ta. Tun ana cewa bismilla har aka fara ɗaure fuska, wani gidan ma suka sa wa bayinsu kwaɗo. Yara kuwa fo ne, ana kwasa ana rasa inda za a zubar, ga ruwan sama yana janyo komai tsakar gida. In na shigo ba ruwa, sai hira ta mutu. Wata rana ina tsugune ina cire ciyawa a gindin, sai ji na yi an jefo mini abu a gabana. Damin shuwaka ne na kasuwa. Asabe ce tsaye, idonta ja.

"Ga shi nan, na sayo miki. In miya ce matsalarki, kullum zan sayo miki har in mutu. Ke kina gidan mijinki da masanki, mu kin mai da mu mabarata a lungu da buta a hannu. Kulu, me muka yi miki? Ki ji tsoron Allah mana!"

Gaskiyarta ce. Na san in na buɗe baki na ce 'yata ce a nan, Asabe za ta faɗi ta rungume ni. Amma bakin ba ya buɗuwa. Kada ku ce mini wauta ce, ba ku san yadda aka rene mu ba. Da rai ma ba a kallon 'yar fari a gaban mutane, ba a kiran sunanta, balle a ce ana kewarta bayan shekara da shekaru. Kuma tana ɗauke da sunan uwata. Ko babanku, da ya san an haifa an rasa, bai san inda aka sa ta ba, bai tambaya ba, ban faɗa ba. Da labari ya kai masa ya yi mini faɗa sosai, ya ce ina zubar masa da mutunci a gidan surukai saboda ganye mai ɗaci. Na ce ya yi haƙuri. Ya ce haƙurin me, ki je ki ce su haƙa. Na sake cewa ya yi haƙuri. A raina kuwa abu ɗaya nake riƙe da shi, Yaya bai sani ba ne. A iya sanina yana fatauci a kudu lokacin da na haihu. Ina cewa ranar da ya sani, shi da kansa zai hana.

Sai amai da gudawa suka kama autar Asabe, yarinyar da ko yaye ba a yi ba. Aka kwana da ita a asibiti, aka ce ƙazanta ce. Da safe Yaya bai aika a kira ni ba. Maƙwabciyarsu ce ta leƙo ta ce in kina da abin ɗauka a bayan ɗakin nan ki yi sauri. Na saɓa ki a baya ko takalmi ban sa daidai ba. Na tarar mutum biyu da diga da shebur, sun riga sun janye ƙayar da tsohon kwanon da na kare ta da shi, ɗaya ya ɗaga adda. Ban san lokacin da na ratsa su na zauna a gindin ba, da ke a bayana kina tsala kuka. Na ce duk mai sara ya fara da ni. Matan gida suka fito suka yi cirko-cirko. Yaya ya ce wa masu haƙa su jira a zaure, ya ce wa mata kowacce ta shiga ɗaki. Muka rage daga ni sai shi. Ya tsuguna a gabana, fuskarsa duk ta faɗa, bai runtsa ba.

Na kalli ƙasa. Sai a ranar maganar ta fito.

"Yaya, akwai mutum a nan."

"Na sani."

Na ɗago.

"Na sani, Kulu. Ana gobe za ki haihu na dawo, kina cikin naƙuda ba ki san na zo ba, kafin ki dawo hayyacinki na koma. Baba ya kasa, ni na karɓi fartanyar. Ni na haƙa, ni na sa ta. Reshen nan ma ni na yanko wa Inna."

Wallahi da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Duk makonnin nan da nake ta haɗiyar magana, ashe ya sani, ya sani kuma ya kira masu diga. Na ce masa abin da ban taɓa ce wa babba ba, na ce ashe ba ka da imani. Bai yi fushi ba. Ya ce:

"Kina tsammani ban juya abin nan ba? Shekara nawa yanzu, ƙasa ta gama aikinta. In an tarar da wani abu, da hannuna zan naɗe shi in kai maƙabarta, ba wanda zai sani. Waccan ta riga ta huta. Tawa tana can an sa mata ƙarin ruwa, ban san ko za ta dawo ba. Ki gaya mini yadda zan yi."

Na san bai faɗi ƙarya ba, kuma na san ba zan iya tsayawa in ga an ɗora diga a kanta, a tone ta, sannan mutanen gida su riƙa tsugunawa a inda ta kwanta ba. Ina zaune ina jijjiga ki, bayana jingine da bangon ɗakin Inna, sai na ji sanyin bangon. Shi ma ai yana da nisa da rijiya.

"A rushe ɗakin," na ce. "A haƙa a nan. A bar mini kusurwa."

"Kin san abin da kike faɗa? Mace ba ta zama ba ɗaki a gidan ubanta. Ba ki san gobe ba, Kulu."

"Nawa ne ko ba nawa ba?"

"Naki ne."

"To na bayar."

Ya yi ta lallashina har rana ta take, na ƙi. Da ya ga ba zan juya ba ya ce to ba zai yi a ɓoye ba, ya kira liman da mai unguwa. Na faɗa a gabansu daga bayan ƙofa cewa na bar wa gida ɗakina saboda Allah. Liman ya tambaye ni ko an matsa mini, na ce a'a. Ya tambayi dalili, na yi shiru, Yaya ma ya yi shiru. Daga wannan shirun ne maganar ta samo asali, cewa Inuwa ya danne ƙanwarsa. Ban roƙe shi ya rufa mini asiri ba, shi ma bai taɓa neman izini ya wanke kansa ba. Ya ɗauki zagin unguwa, daga baya ya ɗauki naku, kuna wuce shi a zaure da gaisuwa a tsaye.

A gabana aka sauke azarar ɗakin. Na ga gurbin jeren kwanonin Inna a bango kafin a ture shi, da ƙusar da take rataya carbi. Wajen gadon da na haihu, nan daidai aka fara haƙa. Ban yi kuka ba nan ma. Shuwaka ta sha tattaka da ɓaraguzai har ta kwanta, na datse ta daidai gwiwa, na tona gindin na zuba sabuwar ƙasa, kafin ruwa ya ɗauke ta tsiro. Yarinyar Asabe ta warke. Ita Asabe ba ta ƙara yi mini magana mai zafi ba, amma ba ta ƙara sakin jiki da ni ba, a ganinta mahaukaciya ce ni. Kusurwar ta koma wani ɗan lungu tsakanin katanga da bangon masai, da rani wari ba ya barin mutum ya daɗe. A nan nake tsugunawa.

Goben da Yaya ya faɗa ta zo. Babanku ya kwanta rashin lafiya ya rasu, gidan da muke ciki na haya ne, ina fita takaba mai gida ya ce ɗansa zai yi aure. Da ɗakin Inna yana nan, da na kwashe ku mun shiga, kun taso cikin dangi. Yaya ya ce zai koma zaure da kwana ya bar mana nasa, na ce ba zan fitar da magidanci daga ɗakinsa a gaban 'ya'yansa ba. Sauran kun san shi, ku kuka rayu a ciki: ɗaki ɗayan nan na wajen Ƙofar Ruwa a bayan masu ƙarafa, kwanon da ke yoyo, wankau da na yi har farcena ya zube, Nasiru da ya bar makaranta ya kama ɗaukar kaya. Na san abin da ɗakin nan ya ci muku. Ina ganinsa a tafin hannun Nasiru har yau, kuma yana yi mini ciwo. Amma kada wanda ya jira in ce na yi nadama. Ku huɗu ina iya goya ku, in yi muku faɗa, in toshe muku yoyo da roba. Ita ba abin da zan iya yi mata sai wannan.

Daga can ma ina takowa da ƙafa in ba ta ruwa. Da gwiwa ta fara gardama, zuwan ya ragu. Sai na lura ko na yi wata ban zo ba, gindin da danshi, an zuba toka, reshen ciki kuma ba a taɓa shi ba. Asabe ce ta ce mini cikin mita wai Malam ya tsufa ya sami sabon hali, ya bar tsakar gida fes, sai ya ɗauki buta ya je jikin masai yana alwala.

Bayan rasuwarsa 'ya'yansa suka gyara gida, Allah ya yi musu buɗi. Ba su yi laifi ba, ba wanda ya gaya musu. Da aka haifa wa babbansu ɗa na sa aka kai ni barka a keke mai ƙafa uku. Na shiga ban gane gidan ba. An cike salgar, an cike rijiyar, an ture katangar baya an haɗe da kangon maƙwabta da suka saya, an malale ko'ina da siminti sumul tun daga zaure har ƙarshe. Na tsaya ina neman kusurwa, babu kusurwa. Na auna daga inda nake zaton ƙofar Inna take, na sake aunawa daga wajen rijiya, lissafin ya ƙi haɗuwa. Ko ƙarƙashin tankin ruwa ne, ko inda suka ajiye babur, ko inda yara ke tsalle da igiya, ban sani ba. Sai na sunkuya na cire takalmina na riƙe a hannu. Amaryar gidan ta taho da gudu.

"Haba Gwaggo, mai da takalminki, ai ba a wanke wajen ba."

Na ce mata ta bar ni haka. Na bi jikin bango a hankali har na kai ɗakin mai jego, na ɗauki jariri na yi masa addu'a, na sake bin bango na fito. Sai a lungu na sa takalmin.